Wasiƙa daga Filadelfiya: a raba mai saɓa sharaɗi da mai sabon laifi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wata doka da aka sha ja-in-ja a kanta a jihar Fensilbaniya ta Amurka, inda nake zaune ina sana'ar kanikanci. Dokar ta shafi mutanen da kotu ta yi wa ɗaurin talala, wato an same su da laifi amma an bar su a gida bisa sharuɗɗa, da kuma abin da za a yi musu in sun saɓa sharuɗɗan. Ni ba lauya ba ne. Dalilin da ya sa na tsoma baki shi ne, irin waɗannan samarin ne ke zuwa garejina neman aiki, kuma ni ke sa hannu a takardar da ke shaida wa jami'in da ke sa musu ido cewa suna fitowa aiki.

Mutanenmu a gida in an ce Amurka da ɗauri, gidajen yari ke faɗo musu a rai. Amma waɗanda ke yawo a gari da hukunci a wuyansu sun fi waɗanda ke kulle yawa. Kusan mutum miliyan 3 ne ke ƙarƙashin ɗaurin talala a ƙasar. A 2019 cibiyar bincike ta ƙungiyar Council of State Governments ta fitar da rahoto cewa kashi 45 cikin 100 na waɗanda ake kaiwa gidajen yarin jihohi, an kai su ne don sun karya ƙa'idar talala, ko ta sakin da ake yi wa fursuna kafin wa'adinsa ya cika. Kashi 25 cikin 100 kuwa ba wani sabon laifi suka yi ba, sharaɗi kawai suka saɓa. Rahoton ya ce tsare waɗannan na ƙarshen kaɗai na cin dala biliyan 2.8 a shekara.

To mene ne sharaɗin? Ka riƙa zuwa ofis ranar da aka yanka maka. Ka ba da fitsari a gwada a ga ko ka sha ƙwaya. Kada ka sake gida ba ka sanar ba. Kada ka bar jihar sai da izini. Ka riƙe aiki. Ka halarci ajin da alƙali ya ce. Ka biya tara, da kuɗin kotu, da kuɗin sa idon da ake yi maka duk wata. In ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda za ka kira zalunci. Sai an haɗa su a kan mutum ɗaya, mai albashin sa'a, marar mota, na tsawon shekaru, sannan za ka ga suna cin karo da juna. An ce ya riƙe aiki, an kuma ce ya zo ofis ƙarfe goma na safiyar Talata, ya bi layi, ya dawo da azahar. Ni da na san halin da ake ciki nakan ce je ka dawo. Babban kamfani ba ruwansa, in ka yi fashi sau biyu sau uku sai a sallame ka, sallamar kuma ta zama wani sharaɗin da ka karya.

Akwai wani saurayi da limamin masallacinmu ya kawo mini ya ce in riƙe shi ya koyi aiki. An kama shi cikin motar sata tare da abokai yana ɗan shekara goma sha tara, aka yi masa talalar shekara biyar a wata gunduma da ke maƙwabtaka da mu. Yaro ne mai hannu. Bai daɗe ba ya iya canza burki shi kaɗai, in ya saurari inji sai ya ce maka ga inda ciwon yake. Abu ɗaya ne ba na iya sa shi: ɗauko kayan gyara. Wasu dillalan tsofaffin kayan mota da nake hulɗa da su suna New Jersey, gada ɗaya ce tsakaninmu a kan kogin Delaware, tafiyar da ba ta kai ta Kano zuwa Wudil ba. Amma wata jihar ce, in ya haye ba takarda ya karya doka.

Mai gidan da mahaifiyarsa ke haya ya tashe su, suka koma wurin 'yar'uwarta. Takardar da ofis ya aiko ta canjin rana ta tafi tsohon gida. Wayarsa kuma an yanke ta don bai biya ba. Bai je ba, aka rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace, aka fitar da takardar kamu. Wata rana 'yan sanda suka tsayar da motar da yake ciki saboda fitilar baya, suka duba sunansa, shi ke nan. Abin da na koya a lokacin shi ne, wanda ake tuhuma da sabon laifi yana iya samun beli, amma wanda aka ɗora wa takardar tsarewa saboda talala ba beli, sai ya jira alƙalinsa. A nan ana yin zama biyu, lauyoyi na ce musu Gagnon na ɗaya da na biyu, sunan wata shari'a ce da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1973 cewa ba za a soke talalar mutum ba sai an saurare shi. Ya yi makonni a tsare kafin zama na biyu. Da ranar ta zo alƙali ya ji bayani, ya sake shi, ya ƙara masa wa'adi. A takarda ba a ɗaure shi ko kwana ɗaya ba. A zahiri ya fito ya tarar an bai wa wani gurbinsa a ajin koyon sana'ar da yake zuwa da dare, ga bashin haya ya hau kan uwarsa.

Irin wannan labari dubbai ne, kuma da a kan talakawa kaɗai ya tsaya, ina jin har yau ba wanda zai taɓa dokar. Sai ya faɗa kan mai suna. Mawaƙin nan ɗan Filadelfiya, Meek Mill (ni ban san waƙoƙinsa ba, 'ya'yana ne suka sani), an same shi da laifin bindiga da ƙwaya tun 2008, ya yi zaman gidan yari, ya fito da talala a wuyansa. A Nuwamba 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara 2 zuwa 4 saboda saɓa sharuɗɗa, ciki har da kama shi da aka yi a New York yana ɗaga ƙafar gaban babur a titi, da wata hatsaniya a filin jirgin St. Louis. Duka tuhume-tuhumen biyu ba su kai ga hukunci ba, kuma masu gabatar da ƙara da jami'in talalarsa ba su nemi a ɗaure shi ba. Gari ya ɗauka. A Afrilu 2018 Kotun Ƙolin jihar ta ba da umarni a sake shi, a 2019 aka rushe hukuncin farko saboda shakku a kan ɗan sandan da ya ba da shaida, shi kuma ya amsa ƙaramin laifin bindiga aka rufe shari'ar. Fiye da shekara goma yana jan igiya ɗaya. A farkon 2019 ne shi da mawaƙi Jay-Z da attajiri Michael Rubin da wasu suka kafa ƙungiyar REFORM Alliance don canza dokokin talala jiha bayan jiha.

A majalisar dokokin jihar da ke Harrisburg ƙudirin ya sha faɗuwa da tashi. Na ƙarshen, mai lamba 838 a majalisar dattawan jihar, ya samu goyon bayan jam'iyyun biyu: Sanata Lisa Baker da Sanata Camera Bartolotta 'yan Rifablikan, da Sanata Anthony Williams ɗan Dimokurat. Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu a Disamba 2023, ya zama Doka ta 44 ta shekarar, ta fara aiki a Yuni 2024. A wurin bikin, Meek Mill ya zubar da hawaye yana ba da labarin yadda haye gada zuwa New Jersey don kai ɗansa makaranta ya zama masa laifi.

Ga abin da dokar ta zo da shi. Ta ce asali ba a ɗaure mutum don saɓa sharaɗi kawai. In ma za a ɗaure shi, karon farko kada ya wuce kwana 14, karo na biyu kada ya wuce kwana 30. Daga na uku alƙali ya koma kan cikakken ikonsa, yana iya yanke duk abin da zai iya yankewa tun ranar farko. Kafin wannan, tun a kuskuren farko alƙali na da wannan iko, shi ya sa ake ganin wanda ya faɗi gwajin fitsari ya tafi shekaru. Dokar ta kuma tilasta a zauna a duba ko za a sallami mutum da wuri: bayan shekara 2 a ƙaramin laifi, shekara 4 a babba, ko in ya ci rabin wa'adinsa, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya samu takardar sakandare ko ta sana'a ana matso masa da zaman da wata shida. Ta ce kuma ba a tsawaita wa mutum talala don ya kasa biyan tara, sai in an tabbatar yana da halin biya ya ƙi. Wannan na ƙarshen tsohon zance ne, tun 1983 Kotun Ƙolin Amurka ta faɗe shi a shari'ar Bearden da jihar Jojiya, sai dai an daɗe ana yi kamar ba a ji ba.

Abin mamaki, cikin waɗanda suka fi yaƙar ƙudirin har da reshen jihar na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, waɗanda kowa ya zata su za su yi masa guɗa. Hujjarsu ita ce ƙofofin da aka bari a buɗe sun yi yawa. Dokar ta halatta ɗauri in saɓawar ta shafi makami, ko duka da barazana, ko lalata, ko sayar da ƙwaya, ko gudu, ko ƙin bin sharaɗi da gangan har sau uku. Na farkon ba mai gardama a kansu. Amma wa zai ce wane ya gudu, wane kuma takarda ce ba ta iske shi ba? Yaron garejina a matsayin gudajje aka rubuta shi, alhali kullum yana ƙarƙashin mota a inda jami'insa ya san adireshin. Sun kuma koka da cewa wanda bai gama biyan diyyar wanda ya cuta ba, ko ya cika kowane sharaɗi, ba za a sallame shi gaba ɗaya ba, sai a mayar da shi wani mataki mai sauƙi ya ci gaba da zama a ƙarƙashin kotu. Mai kuɗi ya biya ya tafi, talaka ya zauna.

A ɗaya gefen akwai masu cewa an sassauta da yawa, kuma ba zan ce maganarsu banza ce ba. An taɓa fasa mini gareji aka kwashe na'urar gano ciwon mota da akwatunan sifana, kayan da na tara a hankali. Ranar ban ji tausayin kowa ba. Duk wanda ya taɓa bi ta unguwar Kensington da ke nan Filadelfiya ya ga yadda ƙwayar fentanil ta sunkuyar da mutane a bakin titi, zai fahimci alƙalin da ke cewa in ba sanda a hannunsa, mashayi ba zai je wurin magani ba. Dokar ma ta bar masa dama ya ƙara har kwana 30 in ana neman wa mutum gurbin jinya. Sai dai in ka tambaye ni abin da nake so daga wanda ya sace mini kaya, kuɗin kayana nake so, kuma wanda ke kulle ba ya biyan kowa sisi. Mu a wurin aiki ba ma sauke inji don fis ya ƙone, mukan canza fis mu nemi inda wayar ta haɗu.

Ra'ayina shi ne dokar ta fi abin da ake ciki a da, nesa ba kusa ba, amma ta bar manyan ramuka biyu. Na farko shi ne zaman jira. An ƙayyade hukunci a kwana 14, ba a ɗaure wa hukuma hannu yadda ya kamata ba a kan tsarewar da ake yi kafin a ga alƙali, wadda ita ce ta fi cin mutane. Su kansu kwana 14 ɗin, a bakin ɗan majalisa ne suke kaɗan. A ƙasar nan haya wata-wata ake biya, waya da inshorar mota haka. Motar da ka bari a titi a ja ta, kuɗin ajiya na hawa kullum. Ni kaina da nake son yaron, ba zan iya barin motar mutane a kan jek ina jiran kotu ba, dole in kira wani. Rami na biyu shi ne tsawon wa'adi. Fensilbaniya ba ta sa iyaka ba, alƙali na iya ba da talala har tsawon mafi girman hukuncin laifin, yana kuma iya jera ta laifi bayan laifi. Zaman dubawa dama ce, ba sallama ba ce. Mutum komai natsuwarsa, in aka ba shi shekara goma yana zuwa ofis, wata rana zai makara.

Wasu jihohin ta wannan gefen suka fara. Kalifoniya a 2020 ta yanke wa'adin zuwa shekara 1 a yawancin ƙananan laifuka, 2 a yawancin manya. Bajiniya a 2021 ta ce kuskuren farko ba ɗauri sam, na biyu kada ya wuce kwana 14, kuma tun daga lokacin ake ta yunƙurin gyara ko warware dokar a majalisarsu. Kowace jiha da nata, shi ya sa abin da zai kai mutum kurkuku a wannan gefen iyaka, a wancan gefen gargaɗi ne.

Wani abu da ke ba ni sha'awa, wannan tsari duka mai sana'ar hannu ne ya faro shi. John Augustus, baduku mai ɗinkin takalma a Boston, a 1841 ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi ya tsaya masa, ya dawo da shi bayan makonni ya natsu. Haka ya ci gaba da karɓar mutane yana nema musu aiki har ya mutu, kafin jihar Massachusetts ta mayar da abin doka a 1878. Jami'in yau kuwa yana da fayil fiye da yadda zai iya tuna fuskoki, kuma abin da ya fi sauƙi a tebur ɗinsa shi ne danna maɓallin rahoto. Ban ga laifinsu ba sosai. Na haɗu da masu kirki a cikinsu, har da wadda ta yarda ta riƙa zuwa gareji ta ga yaro a bakin aiki maimakon ta kira shi ofis.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na aiko wa jaridar Hausa wannan zance ba don ba da labarin Turawa ba ne. Najeriya ta kama wannan hanya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi talala da jingine hukunci da aikin gayya a madadin ɗauri, jihohi kuma sun yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. A 2019 aka canza wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, aka buɗe mata sashen masu yin hukuncinsu a waje. A Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya bai wa jihohi ikon yin doka a kan gidajen gyaran hali. Ke nan majalisun jihohinmu za su zauna a kan irin wannan ƙudiri, yau ko gobe. A wani wurin ma mun riga Fensilbaniya, don dokar 2015 ta tsayar da wa'adin talala a shekara 3. Inda nake jin tsoro shi ne zaman jira. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, wanda aka kamo don bai zo sa hannu ba zai iya shiga cikin wannan taron a manta da shi, ya yi zaman da ya fi wanda aka so kare shi daga gare shi tun farko.

Don haka in ƙudirin ya zo gaban 'yan majalisarmu, ina roƙonsu su rubuta adadin kwanakin da dole a kai mai saɓa sharaɗi gaban alƙali, su rubuta cewa in kwanakin sun cika ba a kai shi ba a sake shi. Su rubuta cewa kafin a ce mutum ya gudu, sai an je wurin aikinsa, an tambayi mai unguwarsa da wanda ya tsaya masa. Mu muna da abin da Amurkawa suka rasa: da wuya a rasa wanda ya san inda yaro ya kwana. A kuma bar jami'i ya iske mutum a kasuwa ko gareji ko gona, don manomin da aka ce ya zo hedikwatar ƙaramar hukuma duk mako da damina, an riga an rubuta masa saɓawa tun bai fara ba. Maganar kuɗin sa ido da ake karɓa a nan duk wata, kada ma a kwaso mana ita.

Ina kuma roƙon ka tura wakilinka ofishin masu hukuncin waje a Kano ko Kaduna ko Katsina, ya tambayo mana jami'ai nawa ne, mutum nawa kowanne ke riƙe da shi, da abin hawan da suke zagayawa da shi, da kuma abin da ake yi wa wanda bai zo ranarsa ba a halin yanzu. In an buga amsar, zan karanta wa jama'armu a masallaci bayan sallar Juma'a.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani bakanike ɗan Arewa,
Filadelfiya, Amurka